Cikin da Na Kasa Faɗa da Bakina

A shekararmu ta biyu a Greensboro, farkon shekarun tamanin, na wayi gari warin man da maƙwabciyarmu ke suya da shi ya hana ni sakat. Gidajen unguwarmu Glenwood ƙanana ne, a matse da juna, idan wani ya ɗora kasko duk layin sai ya san abin da zai ci. Shekara guda ina shaƙar wannan suya ban taɓa damuwa ba, amma ran nan da gudu na isa banɗaki. Da na kurkure baki na ɗago, na ga fuskata a madubi, sai na kama kaina ina dariya. Na shiga kicin na turo ƙofa, na gyara ɗaurin zane, na taka rawa ni kaɗai tsakanin firji da murhu har sai da na yi haki. Ko kiɗa babu.

Shekara shida ke nan da aurenmu. Sau biyu ina samun ciki tun muna gida Funtuwa, sau biyu yana zubewa a wata na biyar, daidai lokacin da na fara jin motsi na saki jiki. Daga na biyun kuma shiru, har maigidana ya sami gurbin ƙaro karatu muka taho Amurka. Don haka murnar nan tawa da tsoro a gindinta. Abu ɗaya nake roƙon Allah a kowace sujada, wannan dai ya zauna.

Ban faɗa wa Malam ba, haka nake kiran maigidana. Yadda aka raine ni, macen kirki ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki, balle wanda ake sa ran zai zama ɗan fari. Ko uwarta ce ta tambaya, kai za ta sunkuyar. Idan aka yi mata barka ta haɗe rai kamar an zage ta. Wadda ta washe baki kuwa, sai a shekara ana ba da labarinta a gidajen suna. Ni kuma tun ina yarinya aka san ni da kunya, kuma in za a faɗi gaskiya, har taƙama nake yi da ita. Shi ma Malam ba yaro ba ne. Ya ga wata biyu sun wuce ban yi fashin salla ba, sai ya fara shigowa da lemon tsami yana ajiyewa a kan tebur, bai ce komai ba. Ni ma in ɗauke ban ce na gode ba. A haka muka sanar da juna.

Wata ranar Talata, lokacin da itatuwan layinmu suka fitar da fararen furanni, na hau bas zuwa tashar cikin gari, na taka zuwa wani ƙaramin asibiti da matan ɗalibai ke zuwa. Kada wani ya ce Turanci ne ya ba ni matsala. Shekara huɗu na yi ina koyar da shi a firamare, kuma duk abin da aka tambaye ni a ɗakin nan na fahimce shi sarai.

Nas ɗin da ta karɓe ni baƙar fata ce 'yar ƙasar, dattijuwa mai jiki, da faffaɗan tabarau da murya mai sanyi. Ta tambayi shekaruna na faɗa. Ta tambayi 'ya'ya nawa gare ni, na ce babu. Da ta ce ko na taɓa yin ciki, sai na ƙura wa takalmina ido. Ba a buɗe baki a ƙirga cikin da ya zube, wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuma, ban manta da abin da ya same ni a ɓarina na ƙarshe ba. Ina kwance ina zubar da jini wata sista ta tsaya a kaina tana cewa, "Me kika sha? Wa ya ba ki?" A ƙasarmu zubar da ciki laifi ne na ɗauri in ba ran uwar za a ceta ba, shi ya sa duk wadda ta zo da jini sai an fara yi mata kallon mai laifi kafin a yi mata kallon marar lafiya. Tun daga ranar na ƙudura cewa maganar ɓari ba ta sake fita daga bakina a gaban mai farar riga. Nas ta jira, ta ga ba ni da niyyar magana, ta ja ɗan layi a takardarta ta wuce gaba.

Bayan an gwada fitsarina ta dawo fuskarta fal fara'a, ta ce, "Ina da labari. Kina da ciki."

Wayyo daɗi! Ji na yi kamar in rungume ta in ɗaga ta sama duk da nauyinta. Amma me na yi? Na juya fuskata bango, na haɗe girar sama da ta ƙasa, yadda duk wata 'yar gidan mutunci za ta yi. Har ina yaba wa kaina a zuci, na ce da Innata na nan da ta ga ba ta yi asarar tarbiyya ba.

Fara'ar nas ta gushe. Ta jawo kujera kusa da ni, ta rage murya.

"Kin yi murna da wannan labarin?"

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Mijinki ya sani?"

Na ce, "Ba mu yi maganar ba."

"Za ki iya faɗa masa?"

Na ce, "A'a, ba zan iya ba."

Duk abin da na faɗa mata gaskiya ne, ko ƙarya ɗaya babu. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta riƙe hannuna, ta shiga yi mini dogon bayani. Daga baya ne na san abin da take cewa: a nan doka ta bar wa mace zaɓi a watannin farko, ba wanda zai tilasta mini riƙe cikin da ba na so, kuma ba sai mijina ya sani ba. A lokacin kam ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnena ba. Hannuna ɗaya yana cikin nata, ɗayan yana ƙarƙashin mayafi ina ƙirga watanni da yatsu, na ga haihuwar za ta faɗo wajen babbar salla, na sake ƙirgawa don daɗi. Duk inda ta ɗan tsaya sai in gyaɗa kai, don ladabi. A ƙarshe ta buga waya, ta rubuta rana da adireshi a bayan wata ambulan, ta liƙe ta miƙo mini. Wurin da ake zubar da ciki ta tura ni, ni kuwa na karɓa hannu biyu ina cewa a raina ranar awo ce.

Ban hau bas nan da nan ba. Na bi titin Elm ina tafe kamar ba na taka ƙasa, ina satar kallon kayan jarirai ta gilashin kantuna da gefen ido. Ba a sayen kayan jariri tun bai zo ba, kuma ban saya ba. Zaren ulu kawai na saya, ruwan ƙwai, ai zare ba kayan jariri ba ne. Da na isa gida na tura ambulan ƙarƙashin zannuwana a akwati ba tare da na buɗe ba, na ɗauko kwarashi na fara saƙa 'yar hula. A jakata nake ɓoye ta, in fito da ita idan Malam ya tafi makaranta.

Ranar Lahadi aka taru a gidanmu, kamar yadda Hausawan garin kan yi, yau a gidan wannan gobe a gidan wancan. Ba mu da yawa, falonmu ɗan mitsitsi ya ɗauke mu. A wannan zamanin ba ka kunna talabijin ba ka tarar ana cacar baki a kan zubar da ciki ba, to maza suka ɗauko maganar. Ina kicin ina jiyo Malam yana bayanin cewa a nan kotu ce ta yanke, tsakanin mace ne da likitanta, ko mijin ba a tambaya. Wani ɗan Kumasi da ke karatun siyasa ya ce, "Ei! Ko mijin? Ƙasar nan ta yi nisa paa!" Shi ne kuma ya kawo labarin Ingila, inda sai likitoci biyu sun sa hannu, da maƙwabciyarta Ailan, inda aka hana sam, matan sai su hau jirgin ruwa su tsallaka a yi musu su dawo. Wani ya ce ai Tunisiya ƙasar Musulmi ce kuma ta halatta, aka yi masa ca. Daga nan aka koma kan malamai: namu na Malikiyya sun tsananta tun daga farko, wasu mazhabobin kuma sun sassauta idan da uzuri kafin a busa rai a wata huɗu. Kowa na magana, ba mai sauraron wani.

Hajiya ce ta katse su. Ita ce babbarmu a mata, 'yar Maraɗi, mijinta na koyar da Faransanci, suna zaune can Pleasant Garden a wani gida mai ƙaton fili. Ta shekara kusan ashirin tana aikin ungozoma a asibiti kafin su taho, kuma bakinta ba shi da linzami. Ta leƙa falon da ludayi a hannu ta ce, "Ku da ba ku taɓa wanke jinin kowa ba, ku kuka fi kowa sani! Mu Faransa ta bar muna tsohuwar dokarta, ta koma gida ta sake tata. Ku ci abinci." Aka yi dariya aka ci. Ni kuwa ina jin su ina cewa a raina, can ta matse muku, ni nawa riƙewa nake nema. Hajiya ta ga na toshe hanci da ta buɗe tukunyar miya, ta kalle ni sama da ƙasa, ta yi murmushi. Da za su tafi na ce mata ina da ganin likita ranar Alhamis, kuma bas ba ya zuwa wajen. Ta ce za ta zo ta ɗauke ni.

Ranar Alhamis na ci ado kamar mai zuwa biki. Sabuwar atamfa, kwalli, turare kaɗan don kada ya tayar mini da zuciya. Hajiya ta iso da doguwar motarta, na karanta mata adireshin, muka kama hanya ina ta zuba mata surutu a kan komai ban da abin da ke raina. Da muka karyo kwanar wurin sai na hango mutane tsaye a bakin titi riƙe da alluna, da manyan hotunan jarirai a jiki. Na ce ikon Allah, Amurka ke nan, har tarba ake yi wa masu zuwa awo. Murmushi nake yi musu, wallahi.

Sai wata Baturiya ta rugo ta dafa gilashin gefena, idonta cike da ƙwalla, tana roƙona kada in kashe ɗana, wai za su taimake ni.

Hajiya ta taka birki har sai da goshina ya kusa bugun gilashi. Ta ce, "Ke, ɗiyata, ina ne nan kika kawo ni? Mi ke cikin takardar nan?"

Na yage ambulan na fara karanta mata da ƙarfi, da muryata ta malamar aji. Layi na farko lafiya. A layi na biyu muryar ta fara shaƙewa. Ban kai ƙarshen na uku ba.

"La'ilaha illallahu!" Hajiya ta saki sitiyari ta riƙe kai. "Ni za ki sa in tuƙo ki? Ni? A Maraɗi da ni da ke da motar duka jandarmomi za su kwashe! Mi yaron nan ya yi miki?"

Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko a ranar ɓarin. A cikin kukan na ce mata ban sani ba, na ce ina so, na ce biyu sun riga sun tafi kuma idan wannan ya bi su ban san yadda zan yi ba. Ban taɓa faɗa wa wani mahaluki haka ba. Hajiya ta gyara fakin a gefen titi, ta kashe mota. Faɗan ya bar fuskarta, aikinta na da ya dawo.

"Wata nawa suka zube?"

"Biyar. Duka biyun."

"Da ciwon mara mai tsanani, ko kuwa?"

Na ce babu wani ciwo sosai. Nauyi kawai na ji a ƙasa, sai ruwa ya fashe, kafin a yi wani abu an gama.

Ta daki sitiyari da tafin hannu. "Bon! Na san wannan. Bakin mahaifarki ne ba shi da ƙarfi, da ciki ya yi nauyi sai shi buɗe. Ɗinke shi ake yi, a zuge kamar zariyar wando, in lokaci ya yi a kwance. Ba wanda ya taɓa gaya miki?"

Na ce wa na taɓa faɗa wa, balle ya gaya mini?

Ashe abin yana da suna, ashe yana da magani! Shekara da shekaru ina zaton wani laifi ne a jikina da ba ya gyaruwa, ko bakin mutane. Hajiya ta sa na faɗa mata ranar da na ga wankina na ƙarshe, ta ƙirga, ta ce sati goma sha uku. Ta ce ɗinkin nan ana yin sa ne kafin ciki ya yi nauyi, kuma kunyata ta riga ta cinye mana kwana tara, ba mu da wasu na zubarwa.

Tana juya mota sai muka ga wata yarinya Baturiya ta nufi ƙofar wurin, uwarta na riƙe da kafaɗarta, da rana tsaka, masu alluna na ta kiran su. Hajiya ta bi su da kallo har suka shige. Ta ce, "Ni ba ni son abin nan, Allah ya sani. Amma da hannuna na rufe idon 'yan mata da suka je aka yi musu a ɓoye, aka kawo muna su sun riga sun ruɓe ta ciki. Kowace ƙasa da irin kukanta." Ta taka mota muka nufi cikin gari.

A asibitin farko mun sami nas ɗin tana nan. Hajiya ta shige gaba ta fara bayani, Turanci kaɗan, Faransanci da yawa, hannu na ta aiki. Nas ta saurare ta cikin ladabi, sannan ta ce tana roƙon ta ɗan jira a waje. Hajiya ta juyo ta kalle ni. "Ni take kora? Ni da na karɓi haihuwar da ta fi gashin kanta yawa?" Amma ta fita, tana tafe tana mita.

Nas ta rufe ƙofa. Ta ce, "Matar nan ce ta hana ki? Ko mijinki ne ya gano?"

Sai a lokacin na ga ramin da na haƙa wa kaina. A idonta ni yarinya ce da aka tsare a hanya aka dawo da ita dole. Ta ce dokar da ta ba ni zaɓi ita ce kuma ta ce ba wanda zai yi magana a madadina, ko miji, ko uwa, ko wannan baiwar Allah da ke waje. Abin da na faɗa da bakina shi kaɗai za ta rubuta.

Na kalli takalmina na ce, "Ina so."

Ta ce, "Wa kike faɗa wa, ni ko takalmin? Ranar nan ma haka kika yi. Ɗago ki kalle ni."

Wuyana ya ƙi ɗaguwa. Shekara ashirin da shida ana koya masa sunkuyawa, ba zai miƙe a minti ɗaya ba. Haushin kaina ya kama ni, ga lokaci na tafiya, ga ɗana a ciki yana jiran uwarsa ta buɗe baki. Na fizgo jakata na zazzage ta a kan teburinta. Makulli, kwalli, lemon tsami guda biyu, sai ga 'yar hula ruwan ƙwai da kwarashi a soke, saura kaɗan a gama. Na ɗaga ta a gaban tabaranta, kuma da hular ta ɗagu sai kaina ya bi ta. Na ce ina son cikin nan fiye da numfashina. Na ce wannan ne na uku, na faɗi watan da na farko ya tafi da watan da na biyu ya tafi, da yadda ruwan ya fashe, da abin da sista ta ce mini. Da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa.

Ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce, "To don me kika juya mini fuska bango?"

Na ce, "Don ina murna."

Ta dube ni, na dube ta, sai muka fashe da dariya mu biyu, irin dariyar da ke haɗe da majina. Ta ba ni haƙuri, na ba ta haƙuri. Ta yage tsohuwar takardar ta ɗauko sabuwa, ta jawo waya, ina ji tana ce wa wani lalle gobe da safe, ba jibi ba.

Washegari likitan mata ya duba ni, wani dogon Bature mai sanƙo. Ya tabbatar da maganar Hajiya, wadda ke zaune a gefe tana gyaɗa kai kamar ita ta koyar da shi. Sannan ya shafa mini wani mai sanyi a mara, ya ɗora wata 'yar na'ura, ya yi ta lalube. Sai ɗakin ya cika da wani sauti, fat-fat-fat-fat, da sauri kamar mai gudu. Ya ce zuciyar ɗana ce. Ihu na yi! A gaban namiji, Bature, baƙo, na ce a ƙara mini in ji. Hajiya ta dubi likita ta ce, "Oh, jiya ba baki, yau ba birki. Lokotoro, ƙara mata." Ya sa ranar ɗinki kwana biyu masu zuwa, ya ba ni takarda na sa hannu da kaina. Ya ce bayan an yi sai kwanciya, ba ɗaukar kaya, ba tsayuwar girki, don haka dole wanda nake zaune da shi ya sani.

Da la'asar na sami Malam zaune a matakalar ƙofar gida yana duba littafi. Na zauna a matakala ta ƙasa, na ba shi baya, don kunyar ba ta mutu duka ba.

Na ce, "Malam, ina da ciki."

Na ji ya rufe littafin. Ya ce, "To ai na sani. Wa kike zaton yake shan lemon tsami a gidan nan?"

Na ba shi labarin tun daga bango har masu alluna. Da na zo kan ambulan sai ya yi salati, ya ce wato ranar da yake ta zuba lacca a falo, takardar tana cikin akwatina? Na ce tana nan ƙarƙashin atamfar da ya saya mini. Ya yi dariya har da tari, daga baya dariyar ta tsaya. Sai na ji tafin hannunsa a kan kafaɗata, a waje, a gaban duk mai wucewa a layin.

An yi ɗinkin lafiya, ko awa ɗaya bai ɗauka ba. Daga nan na zama sarauniyar gado. Malam ya koyi tuƙa tuwo da garin masarar Amurka, mai gudaji kamar tsakuwa, na ci na ce ya yi daɗi. Hajiya na zuwa duk Laraba da miya a kwano da faɗa a baki. Da wata na biyar ya kama, ko tari ina tsoron yi. Kullum da safe in ja layi a kalandar bango, in kwanta in saurari motsi. Ranar da na shiga wata na shida na kira Malam daga kicin na ce ya zo ya gani, na nuna masa kalandar, muka tsaya muna kallon takarda kamar wasu marasa hankali. Azumi ya zo ya wuce ina kwance, cikin ya yi girman da ban taɓa kaiwa ba, har na daina ganin ƙafafuna. Duk wanda ya zo gaishe ni sai ya tarar ina washe baki, kuma na san an kai labarina har Funtuwa.

Da wata tara ya kusa likita ya kwance zaren. Bayan sati biyu, kwana kaɗan kafin babbar salla, da hantsi, na haifi 'ya mace mai cikakken gashi da muryar da ta cika ɗakin.

Bayan an gyara mu aka shigo da Malam. Ya karɓe ta, ya yi mata kiran salla a kunne, ya yi mata huɗuba da sunan da ya zaɓa, ya faɗa mini sunan a hankali. Sannan ya miƙo mini ita. Sai ga tsohon halin ya taso mini, na kawar da kai gefe. 'Yar fari ce, ba a ɗokinta a gaban mutane, sunanta ma ba zan taɓa kira ba har in mutu. Ina kallon taga, ban san lokacin da wata tambaya ta fito daga bakina ba, wadda na shekara biyar ina haɗiye ta.

"Malam, waɗancan biyun, me na haifa?"

Ba a nuna mini su ba. Naɗe su aka yi aka fita da su, ba wanda ya sake tayar da zancen, har shi.

Ya ce, "Mata ne, duka biyun. Ni na binne su da hannuna, kusa da juna. Ranar da za mu taso sai da na je na yi musu sallama."

Ban san ya je ba. Ban san ma ya san wurin ba.

Ya matso da jaririyar har kanta ya taɓa hannuna. Ya ce, "Wannan ba 'yar fari ba ce, tana da yayye biyu. Karɓi 'yarki ki kira ta."

Na karɓe ta, na kira sunanta, na sake kira.